Yaya ake lissafin abin da tsirran duniya ke samarwa? Tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka yi maganar sauyin yanayi zaka ji an ce dazuzzuka na shanye kaza da kaza na iskar kabon, sai mutum ya tsaya yace wai wa ya auna? Tambaya ce mai kyau, don babu sikelin da zai ɗauki ciyawa da bishiyoyin duniya. Da samfurin lissafi ake yi, wato tsarin lissafi da ake ɗorawa a kwamfuta ana bashi bayanan ruwan sama da zafi da hasken rana, shi kuma ya fitar da ƙiyasi. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi akan wannan aikin.

Da farko ma, me ake nufi da "abin da tsirrai ke samarwa"?

Ganye na ɗaukar iskar kabon da ake kira CO2 daga sama, saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa, hasken rana ya bada ƙarfi, sai a haɗa sukari. Wannan aikin shi ake kira fotosintesis. Duk kabon ɗin da ganye ya kama ta wannan hanyar, kafin a cire komai, masana na ce masa GPP. To amma tsiro ma rayayye ne, yana numfashi dare da rana, yana ƙona wani ɓangare na sukarin don ya ciyar da saiwarsa da rassansa da ganyensa. Abin da ya rage bayan wannan shi ne NPP, kuma shi ne yake zama itace, ganye, fure, 'ya'ya da saiwa.

Kamar ɗan kasuwa ne, GPP shi ne cinikin da aka yi gaba ɗaya, NPP kuma ribar da ta rage bayan an cire ɗawainiya. A mafi yawan wurare ribar na kusa da rabin cinikin, kodayake tana hawa tana sauka gwargwadon shekarun dajin da zafin wurin.

Akwai mataki na uku da mutane ke yawan mantawa da shi kuma nan ne ake samun ruɗani. Ganyen da ya faɗi da saiwar da ta mutu, ƙananan halittun cikin ƙasa suna ruɓar dasu suna mayar da kabon ɗin sama, ga gobarar daji, ga dabbobi da ƙwari, ga sara da noma. In ka cire duk waɗannan ɗan abin da ke zama a ƙasa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da aka kama tun farko.

To nawa ne adadin a duniya baki ɗaya?

Adadin da aka fi ambata na GPP shi ne wajen tan biliyan 120 na kabon a shekara. Wani bincike da Christian Beer da abokan aikinsa suka fitar a 2010 ya bada 123. NPP na tudu kuma yana tsakanin tan biliyan 55 zuwa 60. A 1998 Christopher Field da abokansa sun haɗa na tudu da na teku suka samu kusan 105, tudu 56 da ɗoriya, teku 48 da ɗoriya, wanda abin mamaki ne in ka tuna cewa teku ya mamaye fiye da kashi 70 cikin 100 na fuskar duniya.

Don ka ga girman abin: man fetur da gawayi da gas da siminti suna fitar da wajen tan biliyan 10 na kabon a shekara. Abin da tudu ke riƙewa a matsayin ƙari kuwa wajen tan biliyan 3 ne, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ɗan Adam ke fitarwa. Kaga kenan wannan 3 ɗin bambanci ne tsakanin manyan lambobi biyu, shiga da fita, kowanne ya haura 100, shi yasa kuskure ɗan kaɗan a ɗayansu ke iya rikita lissafin gaba ɗaya.

Me zai hana a je daji a auna kai tsaye?

Ai ana yi, kuma da shi aka fara. A filin ciyawa ana yanke murabba'in mita ɗaya a busar a ɗora a sikeli, a daji kuma ana auna kaurin bishiya duk shekara ana kafa raga tana tare ganyen da ke zubowa. Kusan rabin nauyin busasshen tsiro kabon ne, saboda haka juyawar ba wuya. Daga 1964 zuwa 1974 an yi wani babban shirin ƙasa da ƙasa na nazarin halittu da ake kira IBP, wanda ya tara irin waɗannan ma'aunai daga wurare da dama, har yau ana komawa ga bayanansa.

Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa. Ƙananan saiwoyi masu kamar gashi suna fitowa suna mutuwa cikin watanni, saiwa tana zubar da sukari cikin ƙasa, tana kuma ba fangas ɗin da ke manne da ita, wato wasu ƙananan halittu dangin naman kaza, rabonsa, duk wannan samarwa ce amma da wuya a kama ta a sikeli. A wasu filayen ciyawa abin da ke ƙasa ya fi na sama yawa. Sannan ko da ka auna fili ɗaya da kyau, fili ɗaya ka auna, tudun duniya kuwa ya kai murabba'in kilomita miliyan 149.

Wa ya fara yin taswirar duniya ta lissafi?

Wanda aka fi dangantawa da shi shi ne Helmut Lieth, masani ɗan ƙasar Jamus. A 1971 ya gabatar da samfurinsa a wani taro a birnin Miami na Amurka, shi yasa ake ce masa samfurin Miami. Abu biyu kawai yake tambaya: matsakaicin zafin wuri a shekara, da yawan ruwan saman da ke sauka a shekara. Ya ɗauki ma'aunai daga wurare wajen 50 ya zana layi biyu, ɗaya na zafi ɗaya na ruwa, kowanne baya wuce giram 3000 na busasshen tsiro a murabba'in mita a shekara. Sai a lissafa duka biyun a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta.

Misali wurin da matsakaicin zafinsa digiri 28 ne, layin zafi zai ce zai iya bada wajen giram 2650. Amma in ruwan saman wurin milimita 250 ne kacal, layin ruwa zai ce wajen giram 460, shikenan 460 za a rubuta, don ruwa ne ya tsaida shi. Wannan tunanin na cewa abin da yafi ƙaranci shi ke iyakance girma tsoho ne, tun ƙarni na 19 masana noma irinsu Justus von Liebig suka yaɗa shi.

Samfurin bai san irin ƙasa ba, bai san ko ruwan ya sauka cikin wata biyu ko ya bazu a shekara ba, bai san an sare dajin ba. Duk da haka taswirar da ya fitar ta kama manyan siffofin duniya daidai, kuma ni a ganina duk mai son fahimtar fannin nan da shi ya kamata ya fara, don zaka iya lissafa shi da hannu ka ga dalilin kowace lamba.

Tauraron ɗan Adam fa, yana ganin girman tsiro ne daga sama?

A'a, kuma wannan ne babban abin da nake so a riƙe. Haske yake gani. Lafiyayyen ganye na shanye jan haske don aikinsa, amma yana mayar da hasken infared na kusa da yawa, wanda idonmu baya gani. In ka ɗauki bambancin waɗannan biyun ka raba da jimlarsu zaka samu lambar da ake kira NDVI. Ƙasa tsirara na bada wajen 0.1, kurmi mai duhu 0.8 ko sama. An fara amfani da wannan dabarar a shekarun 1970, Compton Tucker na NASA ya ƙarfafa ta a 1979, kuma daga 1981 aka samu jerin bayanai na duniya baki ɗaya daga na'urar AVHRR.

To daga kore zuwa kabon yaya ake tsallakawa? Nan aikin John Monteith na Birtaniya ya shigo. A 1972 da 1977 ya nuna cewa in amfanin gona bai rasa ruwa ko taki ba, nauyin da yake tarawa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan hasken da ganyensa ya tare, wajen giram 1.4 na busasshen tsiro a kowane megajul (ma'aunin ƙarfi) na hasken rana. Sai lissafin ya zama abu uku ana ninkawa: hasken da ya sauka, kason da ganye ya kama, da ƙwazon ganye wajen juya haske zuwa kabon. Na farko ana samu daga bayanan yanayi, na biyu tauraro ke bayarwa, na ukun kuwa tauraro baya ganinsa sam, ƙiyasta shi ake yi.

Samfurin CASA na 1993 akan wannan aka gina shi. Haka na MODIS, na'urar da ke kan taurarin Terra da aka harba a Disambar 1999 da Aqua da aka harba a 2002. Steve Running da tawagarsa a Jami'ar Montana suka tsara lissafin, yana bada GPP duk kwana 8 da NPP duk shekara a murabba'ai na mita 500. Yadda suke yi shi ne kowane irin daji ko ciyawa an bashi iyakar ƙwazonsa a tebur, sai a rage shi in sanyin dare yayi yawa ko in iska ta bushe sosai. Lura fa, danshin ƙasa baya cikin lissafin kai tsaye, saboda haka in ƙasa ta bushe amma ganye bai riga ya canza launi ba, samfurin na iya ci gaba da rubuta samarwar da babu ita.

Ga kuma gajimare. Wuraren da suka fi samarwa a duniya, Amazon da Kongo da tsibiran kudu maso gabashin Asiya, su ne gajimare ke rufewa watanni, sai a riƙa cike giɓi da lissafi. An taɓa yin doguwar muhawara ma akan ko dajin Amazon ya ƙara kore lokacin farin 2005, wasu suka ce eh, wasu suka ce hayaƙi da gajimare ne suka ɓata hotunan, daga baya wasu suka nuna cewa kusurwar rana da tauraro kaɗai na iya sa daji yayi kamar ya ƙara kore a rani.

Akwai samfurin da baya dogara da hoton tauraro?

Akwai, kuma su ake buƙata in ana son hasashen gaba, tunda ba hoton shekarar 2080. Waɗannan suna ƙoƙarin kwaikwayon aikin tsiron ne tun daga cikin ganye. Ginshiƙinsu lissafin da Graham Farquhar da Susanne von Caemmerer da Joe Berry suka wallafa a 1980. Sun ce saurin fotosintesis a kowane lokaci ɗayan abu biyu ke tsaida shi, ko dai sinadarin Rubisco mai kama CO2 ya kai iyakarsa, ko kuma ƙarfin da haske ke bayarwa bai isa ba, sai a ɗauki ƙaramin.

Sai a haɗa da lissafin ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye. Ta nan CO2 ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita, tsiro ba zai iya buɗe wa ɗaya ya rufe wa ɗaya ba, kuma ruwan da yake asara ya ninka kabon ɗin da yake samu sau ɗaruruwa. In rana ta take iska ta bushe sai ya rage buɗewar, samarwa ta faɗi ko da haske ya cika ko'ina.

Daga ganye ɗaya ake hawa zuwa rumfar daji, daga nan zuwa murabba'i guda na taswira mai faɗin kilomita 50 ko fiye. A kowane murabba'i kwamfuta na bin ruwan cikin ƙasa, lokacin tohowa da zubar ganye, rabon kabon tsakanin ganye da itace da saiwa, mutuwar bishiya, gobara, ruɓewa, wasu duk rabin awa suke sabunta lissafin. Sanannu daga cikinsu akwai LPJ wanda sunansa ya fito daga biranen Lund da Potsdam da Jena, ORCHIDEE na Faransa, JULES na Birtaniya, da CLM na Amurka.

Dubban ɗaruruwan nau'in tsirrai kuma ana tattara su zuwa rukuni goma sha wani abu, kamar bishiya mai faɗin ganye da bata zubarwa, mai siririn ganye ta ƙasashen sanyi, ciyawa nau'in C3, ciyawa nau'in C4. Wannan rabuwar ta C3 da C4 tana da muhimmanci, don masu C4 irinsu masara da rake da yawancin ciyawar ƙasashe masu zafi suna da dabarar tara CO2 a cikin ganye, shi yasa suke jure zafi da ƙarancin ruwa, kuma ƙarin CO2 a iska baya ƙara musu kamar yadda yake ƙara wa alkama ko bishiyoyi.

Da me ake gwada samfurin a tabbatar ba shaci-faɗi yake ba?

Mafi ƙarfin hujja ita ce hasumiyar auna iska. Ana kafa ta ta zarce tsawon bishiyoyi, a samanta akwai na'ura mai auna motsin iska sama da ƙasa da wata mai auna CO2, sau 10 zuwa 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. In iskar da ke tashi daga dajin tafi wadda ke sauka ƙarancin CO2, dajin na shanyewa kenan. Ta dajin Harvard a Amurka na aiki tun farkon shekarun 1990. An haɗa irin waɗannan hasumiyoyi a wata ƙungiya mai suna FLUXNET, tarin bayananta na 2015 ya ƙunshi wurare 212.

Abu biyu ya kamata a sani. Hasumiya bata auna GPP, bambancin shiga da fita take aunawa, sai a yi amfani da numfashin dare a ƙiyasta na rana a fitar da GPP, wato ko "ma'aunin gaskiya" ɗin akwai lissafi a cikinsa. Na biyu kuma shi ya fi damuna: mafi yawan hasumiyoyin suna Turai da Arewacin Amurka, kaɗan ne a Afirka da Kudancin Amurka da tsakiyar Asiya, alhali yankuna masu zafi su ke da kaso mafi tsoka na samarwar. Samfurin da aka saita da dazuzzukan Jamus da Kanada aka tura shi ya yi hasashen kurmin Kongo, dole a yi taka-tsantsan da amsarsa. Har hanyoyin koyon na'ura irin na FLUXCOM, waɗanda ke koyo daga hasumiyoyi su shimfiɗa a duniya, wannan giɓin suke gada.

Wane yanki ne yafi samarwa?

In murabba'in mita ɗaya ake magana, tsohon ƙiyasin Whittaker da Likens na shekarun 1970 har yanzu yana bada hoto mai kyau: kurmin yankin zafi wajen giram 2200 na busasshen tsiro a shekara, dajin yankuna masu matsakaicin sanyi mai zubar da ganye 1200, sabana, wato filin ciyawa mai bishiyoyi jefi-jefi, 900, dajin can arewa mai sanyi 800, gonaki 650, tundura, wato filin tsananin sanyi marar bishiyoyi, 140, hamada mai ƙananan tsirrai 90. A lissafin Beer na 2010, dazuzzukan yankin zafi ke da wajen kashi 34 cikin 100 na GPP ɗin duniya, sabana kashi 26.

Amma in tambayar ita ce wa ke sa lambar duniya ta hau ta sauka daga shekara zuwa shekara, amsar ta bada mamaki, busassun yankuna ne masu ƙarancin ruwa. A 2011 tudu ya shanye kabon fiye da yadda aka saba nesa ba kusa ba, da aka bi diddigi sai aka ga fiye da rabin ƙarin daga Ostareliya ya fito, bayan ruwan La Niña, wato yanayin da saman tekun Pasifik ke yin sanyi ya kawo mata ruwa mai yawa, ya sauka a busassun filayenta ciyawa ta tashi. Irin wannan kabon baya daɗewa, ciyawa ta bushe wuta ta ci ko ta ruɓe ya koma.

In duk kimiyya ɗaya ce, me yasa amsoshinsu ke saɓawa?

A tsakiyar shekarun 1990 an tara samfura 17 a Potsdam aka kwatanta su, bayan an ajiye biyu da suka yi nisa da sauran, NPP ɗin da suka bayar ya kama daga wajen tan biliyan 44 zuwa 66. Yau an samu ci gaba amma saɓanin bai ƙare ba. Wani ya saka naitirojin wani bai saka ba, wani saiwarsa na kaiwa mita biyu alhali akwai bishiyoyin da ke jan ruwa daga zurfin da ya wuce mita goma, bayanan ruwan sama da ake basu ma sun bambanta musamman inda tashoshin auna ruwa suka yi ƙaranci.

Ko lambar 120 ɗin ba a gama yarda da ita ba. Wani bincike na 2011 da yayi amfani da nau'ukan oksijin da ke cikin CO2 ya nuna 150 zuwa 175, wani na 2024 da ya bi ta iskar kabonil salfaid, wadda ganye ke sha tare da CO2, ya bada 157. Bambancin 120 da 157 ya ninka abin da man fetur da gawayi ke fitarwa kusan sau huɗu. Wannan ba yana nufin aikin banza ne ba, yana nufin a riƙa karanta kowace lamba tare da tazarar da ke gefenta.

Tunda CO2 abincin tsiro ne, ƙaruwarsa ba alheri bane?

Akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Kafin zamanin masana'antu CO2 na wajen kashi 280 cikin miliyan, lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958 yana wajen 315, yanzu ya haura 420. Tsiron C3, irinsu alkama da bishiyoyi, na ƙara fotosintesis in CO2 ya ƙaru, yana kuma rage asarar ruwa, kuma kusan duk samfura sun nuna wannan shi ne babban dalilin da tudu ke shanye ƙarin kabon.

An gwada a fili ba a kwamfuta kaɗai ba. Gwajin da ake kira FACE, ana kewaye wani yanki na daji da bututu ana hura masa CO2 shekara da shekaru a buɗaɗɗen wuri. A 2005 Richard Norby da abokansa sun haɗa sakamakon dazuzzuka huɗu suka ga NPP ya ƙaru da wajen kashi 23 cikin 100 a CO2 na 550. Sai dai a dajin Oak Ridge na jihar Tennessee ƙarin ya sauko daga wajen kashi 24 zuwa kashi 9 a 2008, saboda naitirojin ɗin ƙasa, wato ɗaya daga sinadaran taki, ya kasa. A Ostareliya kuma, gwajin EucFACE da aka yi a tsohon dajin turare mai ƙarancin sinadarin taki na fosfaros, ganye ya ƙara kama kabon amma bishiyoyin basu ƙara girma ba, yawancin ƙarin ya koma sama ta numfashin ƙasa. Yawancin gwaje-gwajen farko na daji a dazuzzuka masu ƙananan shekaru na ƙasashen sanyi aka yi su, shi yasa ake sa rai sosai akan AmazonFACE kusa da birnin Manaus na Brazil, don ƙasar Amazon da yawanta tsohuwa ce mai ƙarancin fosfaros.

Samfurin da bai saka wannan iyakar ta taki ba zai yi alkawarin shanye kabon da dajin ba zai iya cikawa ba, kuma akan irin wannan alkawarin ake gina lissafin nawa ya rage ɗan Adam ya fitar.

An ce duniya na ƙara kore, gaskiya ne?

Gaskiya ne. Wani bincike na 2016 ya nuna ganye ya ƙaru a kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na wuraren da ke da tsirrai tun daga 1982, wani na 2019 ya nuna Sin da Indiya ke da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarin, ta hanyar dashen bishiyoyi da noman da ake yi sau biyu ko uku a shekara. Amma gonar da aka girbe kabon ɗinta ya koma sama cikin shekara guda, kuma filin da aka sare tsohon kurmi aka shuka wani abu na iya fitowa kore shar a hoto alhali an yi asarar kabon ɗin ɗaruruwan shekaru. Yawan ganye daban, kabon da ya zauna daban.

Fari da tsananin zafi fa, samfura na kama su?

Suna kama faɗuwar fotosintesis ɗin, abin da ke biyo baya ne ke basu wahala. A zafin da aka yi a Turai a 2003, Philippe Ciais da abokansa sun ƙiyasta GPP na nahiyar ya faɗi da kashi 30 cikin 100, ƙasar ta koma fitar da wajen rabin tan biliyan na kabon. A El Niño na 2015 zuwa 2016, wato lokacin da saman tekun Pasifik ya ɗumama ya rikita yanayi, tauraron OCO-2 ya nuna yankunan zafi sun fitar da wajen tan biliyan 2.5 fiye da na 2011, kuma dalilin ya bambanta, a Kudancin Amurka fari ne, a Afirka zafi ya ƙara ruɓewa, a Indunusiya gobara.

Bishiya bata mutuwa ranar da ruwa ya ɗauke. Tana iya jurewa shekara biyu ko uku, jijiyoyin da ke kai ruwa sama sun toshe da kumfar iska, ƙwari su sameta ba ƙarfi su ƙarasa ta. Samfura da yawa in ruwa ya dawo sai su mayar da dajin yadda yake kamar ba abin da ya faru, nan ne ake ta aikin gyara yanzu.

Akwai sabuwar hanyar da tafi kallon kore?

Akwai mai bada fata. Lokacin da ganye ke aiki yana fitar da ɗan haske ja mai rauni, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na wanda ya sha, ana ce masa SIF. A 2011 aka fitar da taswirorinsa na farko na duniya daga tauraron GOSAT na Japan. Amfaninsa shi ne yana bin aikin ganyen ba launinsa kawai ba, misali dajin can arewa da ke kore duk shekara amma baya aiki a hunturu, SIF na nuna lokacin da ya tsaya da lokacin da ya farka. Na'urar GEDI da aka ɗora a tashar sararin samaniya a 2018 kuma tana harba leza tana auna tsawon bishiyoyi, wanda ke taimakawa wajen sanin itacen da ke tsaye.

Nawa ɗan Adam ke ɗauka daga ciki?

Helmut Haberl da abokansa a 2007 sun ƙiyasta wajen kashi 24 cikin 100 na abin da tudu zai iya samarwa, in aka haɗa girbi da kiwo da katako da gobarar da mutum ke tayarwa da kuma abin da ya ragu saboda an canza amfanin ƙasa.

Zan iya amfani da waɗannan taswirori in san halin wani ƙaramin fili?

Bayanan MODIS kyauta ne, kowa na iya saukewa daga shafukan NASA. Amma ka sani murabba'i ɗaya na mita 500 hekta 25 ne, gona da bishiyoyi da hanya da rafi duk an cuɗa su sun zama lamba guda, bayanan yanayin da aka yi lissafin dasu kuma na fili ne mai faɗin kilomita gommai, sannan in taswirar ta ɗauki wurin a matsayin ciyawa alhali gona ce, ƙwazon da za a bashi ba nasa bane. Sun fi amfani wajen kwatanta bana da bara a wuri ɗaya, ko kallon babban yanki tsawon shekaru, fiye da faɗin ainihin giram nawa fili kaza ya bayar. In aikinka na ƙaramin wuri ne, ɗauki hotunan Landsat masu mita 30 ko na Sentinel-2 masu mita 10, ka je filin ka yanki ciyawa ko ka auna kaurin bishiyoyi a wurare da dama cikin lokuta daban-daban na shekara, sannan ka saita lissafin da abin da ka auna.